Ruwan Famfonmu da Rumbun Takardun Hukumar Nukiliya ta Amurka

A tsakiyar watan Maris na 2023 na dawo daga aikin dare na tarar da uwargida ta jera robobin ruwan kanti a kan teburin kicin, har da waɗanda ba su samu wuri ba an tura su ƙarƙashi. Kafin in cire takalmi ta miƙo min wayarta. Labarin da ke ciki shi ne tashar nukiliya ta Monticello ta yi yoyon ruwa mai ɗauke da tiritiyom har galan 400,000, wato kimanin lita miliyan ɗaya da rabi. Tashar tana bakin kogin Misisipi, wajen kilomita 60 sama da Miniyapolis inda muke zaune, kuma daga wannan kogin ne birnin ke ɗebo ruwan sha.

"Malam, kai ne kake aiki da irin waɗannan abubuwa. Za a sha ko ba za a sha ba?"

Aikina ɗaukar hoton eksire ne a asibiti, kullum da 'yar na'urar auna tiriri, wato radiyeshan, maƙale a ƙirjina. Na san tiritiyom nau'in haidirojin ne, yakan shiga jikin ruwa ya zama ruwan kansa, shi ya sa matatar gida ba ta raba su. Na san tiririnsa mai rauni ne, ko fata ba ya hudawa, sai dai in an sha. Na san jiki yakan fitar da rabinsa cikin kwana 10 ko kusa da haka, a waje kuwa rabinsa na ƙarewa ne cikin shekara 12 da 'yan watanni. Amma sanin hoton ƙirji bai sa mutum ya san tukunyar nukiliya, wato injin da ke samar da zafi a tashar, ba. Abin da ya tsaya min a rai ma ba yawan galan ba ne. Labarin ya ce tun watan Nuwamban 2022 aka gano matsalar, kuma hukumar da ke sa ido kan tashoshin, NRC, ta ce sanarwar tana shafinta na intanet tun lokacin. Wata huɗu ke nan abu yana a buɗe, mu da muke shan kogin ba mu ji ba. Gani ya kori ji, sai na ce bari in je in duba da idona. Wannan zuwan ne ya zame min ɗabi'a, shi ne kuma dalilin wannan sharhi.

Hukumar NRC ta fara aiki a Janairun 1975, hedikwatarta tana Rockville a jihar Merilan, kuma ita ke ba da lasisi da binciken tukwanen nukiliya sama da 90 da ke ba Amurka kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar lantarkinta. Abin da ta buɗe wa jama'a ƙofa uku ne, in ka lura. Akwai rahotannin yau da kullum da ke shafinta. Akwai babban rumbun takardu da ake kira ADAMS. Sannan akwai dokar 'yancin samun bayanai, FOIA, ga abin da ba a saka a rumbun ba. Biyun farko kyauta ne, ba rajista, ba a tambayar sunanka ko ƙasarka.

Ƙofar farko ita ce mai sauƙi, ita kuma na fi yabawa. Kowace safiyar aiki ana fitar da jerin duk tukwanen ƙasar, gaban kowacce da lamba: 100 in tana aiki da cikakken ƙarfi, 0 in an kashe ta, ko wani abu a tsakani. Ba ka buƙatar digiri kafin ka karanta wannan. Sai dai kada ka ga sifili gabanka ya faɗi, domin kowace tukunya akan kashe ta duk bayan wata 18 zuwa 24 a sake mata makamashi. Kusa da wannan akwai rahoton abubuwan da suka faru. Doka ta wajabta wa kowace tasha ta buga wa hukumar waya cikin awa ɗaya, ko huɗu, ko takwas, gwargwadon nauyin abin da ya auku, kuma abin da aka faɗa a wayar shi ake rubutawa a saka. Za ka ga injin ya kashe kansa, za ka ga jiniyar gargaɗi ta ƙi kuka lokacin gwaji, har ma'aikacin da ya faɗi gwajin barasa za ka gani, ba tare da sunansa ba.

A nan na samu sanarwar Monticello ta 22 ga Nuwamba. 'Yan layuka ce. Ta ce wata rijiyar gwaji da ke cikin harabar tashar ta nuna tiritiyom sama da matakin da ake kai rahoto, an sanar da gwamnatin jihar Minisota, ana kan binciken inda yake fitowa. Shi ke nan. Ba galan 400,000 a ciki, don a lokacin ba a san yawan ba. An saka ta a sahun abubuwan da ba na gaggawa ba, tsakanin wasu rahotanni irinta. Hukumar ba ta yi ƙarya ba da ta ce abin yana a buɗe. Amma da ni ne na ci karo da waɗannan layuka a watan Nuwamba, wallahi da na wuce su ban waiwaya ba. Allura cikin ruwa ce, mai rabo ka ɗauka.

Daga nan na shiga ADAMS, na kuma sha wahalar da na jawo wa kaina. Na rubuta sunan tashar da kalmar yoyo da Turanci na danna, sai ga tulin takardu: wasiƙu, amsar wasiƙu, sanarwar taro, gyaran sanarwar taro, rahotannin da suka girmi 'yata ta fari. Dare biyu ina buɗe wannan ina rufe wancan. Rumbun ya fara aiki ne a Nuwamban 1999, kuma kusan duk takardar da ta shiga hukumar ko ta fita daga cikinta tun lokacin, muddin ba a killace ta ba, nan take sauka. Ba wanda ya tsaya ya ware maka mai muhimmanci daga tarkace. An gina shi ne domin ma'aikatan hukumar da lauyoyi da injiniyoyin kamfanoni, sai aka bar ƙofar a buɗe ga wanda ya ga dama ya shigo.

Tambaya mabuɗin ilimi. Hukumar tana da ɗakin karatu na jama'a a Rockville, da ma'aikatan laburare waɗanda aikinsu ke nan, taimaka wa irina. Na aika musu saƙon imel ina jin kunyar tambayar tawa, sai ga amsa cikin mutunci, da hanyar da zan bi. Abu biyu suka koya min, kuma in ka riƙe su ka rage wa kanka rabin wahala. Na farko, kowace tukunya tana da lambar fayil ɗinta, da ita ake nema ba da suna ba. Ta Monticello 05000263 ce, a takardu akan gajarta ta zuwa 50-263. Na biyu, kowace takarda tana da lambarta da ke farawa da ML, kuma lambar tana magana. In ka ga ML23 sai 075, to shekarar 2023 ce, rana ta 75 a shekarar, wato 16 ga Maris. Da lambar fayil, da tsakanin ranakun da kake so, da nau'in takarda, tulin nan sai ya koma abin da mutum zai iya karantawa bayan sallar isha'i. Waɗannan ma'aikatan laburare su ne mafi kyawun abin da ke cikin hidimar gaba ɗaya, kuma mutane ƙalilan ne suka san da su.

Abin da na samu game da ruwanmu bai tayar da hankali ba. Yoyon daga wani bututu ne da ya ratsa tsakanin gine-gine biyu. Hukumomin jihar da NRC duk sun ce babu haɗari ga lafiyar jama'a, kamfanin da ke da tashar kuma yana zuƙo gurɓataccen ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yana tarawa. A ƙarshen Maris ɗin, da aka ga gyaran wucin gadi bai riƙe ba, an kashe tashar aka yi gyara na sosai, kuma na ga sifilin da idona a jerin safiya. Na kuma gano cewa kowace tasha tana miƙa rahoto duk shekara kan abin da ta saki a iska da ruwa, da wani rahoton na gwajin muhalli inda ake auna ruwan kogi da kifi da ganyaye, wani wurin har da madarar shanu. Ma'aunin da gwamnatin Amurka ta kafa wa ruwan sha shi ne pikokuri (ma'aunin tiriri) 20,000 na tiritiyom a kowace lita. Da wannan lamba a hannu mutum zai iya bin teburan ya kwatanta da kansa. Na zaunar da uwargida na nuna mata. Ta ce to, amma a bari robobin da aka saya su ƙare tukuna.

Da tambayata ta samu amsa ya kamata in rufe kwamfuta. Ban rufe ba, saboda na ci karo da launuka.

Kowace tasha tana da aƙalla sufetoci biyu na hukumar da ke zaune a can dindindin, ofishinsu yana cikin harabar, suna da ikon shiga duk inda suke so. Duk wata uku suna fitar da rahoto. Tun shekarar 2000 ake ba kowane laifin da aka gano launi gwargwadon nauyinsa: kore shi ne mafi sauƙi, sai fari, sai rawaya, sai ja. A nan akwai tarko ga baƙo. Kore a rahoton sufeto ba yabo ba ne, laifi ne aka samu amma ƙarami. Na ɗauki kwanaki ina ganin kore ina murna kafin in gane haka. Sai na ce bari in nemi inda aka taɓa ba da ja, in ga me ake yi a samu ja. Neman ya kai ni Davis-Besse, fayil mai lamba 50-346, a gaɓar tafkin Erie a jihar Ohayo. Duk wanda yake son ya san amfanin wannan rumbu da kuma iyakarsa, to ya karanta wannan fayil.

A watan Maris na 2002, lokacin da aka kashe tashar ana dubawa, ma'aikata suka tarar da rami a murfin tukunyar, girmansa kamar ƙwallon Amurkawa mai tsini biyu. Ruwan da ke zagaya cikin irin wannan tukunya ana zuba masa sinadarin borik. Ruwan ya daɗe yana tsattsafowa ta wata tsaga, sinadarin yana cin ƙarfe a hankali, har ya cinye kauri na kusan inci 6, wato santimita 15. Abin da ya rage tsakanin ruwa mai tsananin zafi, wanda matsinsa ya kusa ninka na iskar da muke shaƙa sau 150, da waje, shi ne wani shafen ƙarfe mara tsatsa da kaurinsa bai cika santimita ɗaya ba. Shi ma ya fara kumbura.

Abin da ya hana ni barci shi ne alamun da suka gabata, waɗanda duk suna rubuce. Tun 1999 matatun na'urorin auna tiriri da ke cikin ginin tukunyar suke toshewa da ƙurar tsatsa, har ta kai ana canza su kusan kullum. A shekarar 2000 an ɗauki hoton murfin, ga jan abu mai kalar tsatsa yana gangarowa kamar an kifar da fenti. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba a bi sawun tsatsar an ga daga ina take ba. A watan Agustan 2001 hukumar ta aika wa tashoshi masu irin wannan tukunya takarda kan tsagewar bututun da ke murfi. Ma'aikatanta har sun tsara umarnin a kashe Davis-Besse kafin 31 ga Disamba a duba, daga baya aka amince ta ci gaba zuwa 16 ga Fabrairun 2002. Babban mai binciken cikin gida na hukumar ya fitar da rahoto a ƙarshen 2002 yana cewa an saka asarar kuɗin da kamfanin zai yi a ma'auni wajen yanke wannan shawara. Tashar ta yi shekara biyu a rufe. Hukumar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 5.45 a 2005, a 2006 kuma ya biya dala miliyan 28 don sasantawa da ma'aikatar shari'a kan bayanan ƙarya.

Ku lura da abu ɗaya: rahoton da ya soki hukumar, jama'a na iya karanta shi kamar kowane. Ba kowace gwamnati ce za ta bar takardar da ta tona mata asiri a inda kowa zai gani ba, kuma a nan dole in sara musu. Amma fayil ɗin ya kuma nuna min raunin tsarin. Kafin a ga ramin, alƙaluman aikin tashar a shafin hukumar kore ne, wanda a can yake nufin komai lafiya. Yawancin abin da ke rumbun kamfanoni ne ke kawo shi da kansu, sufetoci kuma ɗauki-ɗai-ɗai suke yi, ba za su iya leƙa kowane ƙusa ba. In abin da aka kawo bai cika ba, rumbun zai adana shi da lambarsa da kwanan watansa, tsaf, a yadda aka kawo shi.

Wannan tasha tana da wani tsohon labari da ya fi wannan ciwo. A watan Satumban 1977 wani bawul na rage matsi ya buɗe ya ƙi rufewa, ma'aikata suka ruɗe da abin da allunansu ke nunawa, sai bayan minti 20 da wani abu suka gane suka toshe shi. Tukunyar tana aiki da ƙaramin ƙarfi a ranar, don haka aka tsira. An rubuta rahoto, an ajiye. Ranar 28 ga Maris 1979 irin wannan bawul, a irin wannan tukunya ta kamfanin Babcock & Wilcox, ya maƙale a tashar Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya. Ma'aikatan can ba a koya musu darasin Ohayo ba. Sun ɗauki sama da awa biyu kafin su toshe shi, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai in labarin gobarar ya iso ka.

Neman takardun wancan zamani yana da nasa wahalar. Abin da ya gabaci Nuwamban 1999 yana wani sashe na daban, inda sau da yawa sunan takarda da lambarta za ka samu, ainihinta kuwa yana kan 'yan fallayen fim da sai an kwafo maka. A da akwai ɗakunan ajiye takardu a laburaren garuruwan da ke kusa da kowace tasha, inda manomi ko malamar makaranta za su shiga su buɗe fayil. An daina wannan tsari a 1999 da zuwan ADAMS. An samu faɗi, don yanzu mutum na iya karantawa daga ko'ina a duniya. An kuma rasa wani abu, domin takardar da ke kan kanta a garinku ta fi saurin haɗuwa da idon da abin ya shafa.

Yanzu sai abin da ba za ka samu ba, wanda shi ne babban abin da zan rage wa hidimar maki a kai. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 hukumar ta rufe shafinta gaba ɗaya a watan Oktoba, ta dawo da shi kaɗan-kaɗan bayan tantancewa. A Oktoban 2004 ta sake dakatar da ADAMS na ɗan lokaci da aka gano takardun da bai kamata su fita ba. Tun daga nan, duk abin da ya shafi tsaron tasha daga mahara, yawan masu gadi, makamansu, inda shinge yake da rauni, an killace shi. Rahoton binciken tsaro wasiƙar saman kawai za ka gani. Ban ja da wannan ba. Ni ma ba na son taswirar ƙofofin Monticello ta faɗa hannun kowa.

Matsalar ita ce inda aka ja layin. Tashar Oconee a jihar Karolina ta Kudu tana da tukwane uku, kuma tana ƙasa da madatsar ruwa ta Jocassee. Hukumar ta yi nazari kan haɗarin ambaliya ga tashoshin da ke ƙasa da madatsun ruwa in madatsar ta fashe. Da rahoton ya fito wa jama'a bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, an shafe wurare da dama da baƙin tawada da sunan tsaro. A 2012 wasu injiniyoyin hukumar da kansu suka kai ƙara cewa abin da aka shafe bai shafi 'yan ta'adda ba, ya shafi girman haɗarin ne da kuma tsawon lokacin da aka san da shi. Mai karatu daga waje ba shi da hanyar tantance wa ke da gaskiya, tunda baƙin tawada ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma wani rukunin takardu da ba ya rumbun sam. Bayan Three Mile Island kamfanonin nukiliya sun kafa ƙungiyarsu ta binciken juna, INPO, a 1979, mai hedikwata a Atlanta. Masu binciken nan 'yan gida ne, sun san inda ake ɓoye datti, kuma rahotanninsu sirri ne. An kai maganar kotu, a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta yanke cewa tunda da son ransu suke ba hukumar rahotannin, doka ba ta tilasta a fitar da su ba. Hujjar masu goyon baya ita ce in za a buga a jarida ba wanda zai faɗi gaskiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma sakamakon shi ne binciken da ake ganin ya fi kowanne tsauri, shi ne wanda maƙwabcin tasha ba zai taɓa karantawa ba.

Ƙofa ta uku, FOIA, ban kai ga ƙwanƙwasa ta ba, don abin da nake nema yana rumbun. Dokar ta samo asali ne a 1966 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Kowa na iya nema, ko ba ɗan ƙasa ba ne. An ba hukuma kwana 20 na aiki ta ba da amsa, akwai dalilai tara da za ta iya fakewa da su ta ƙi bayarwa, kuma mai nema don kansa yana samun awa biyu na bincike da shafi 100 kyauta. Abin daɗin shi ne, abin da wani ya nema aka ba shi yakan faɗo cikin ADAMS, kowa ya amfana. Ta haka na karanta abin da ya fi komai ɗaukar hankalina a rumbun: rubutattun hirarrakin waya na ɗakin ko-ta-kwana na hukumar a kwanakin farko na bala'in Fukushima, wanda ya fara 11 ga Maris 2011. An sake su a Fabrairun 2012, kimanin shafi 3,000.

Karatunsu kamar ka laɓe a bayan ƙofa ne. Ga manyan masana suna lalube cikin duhu, labari daga Japan yana zuwa guntu-guntu, wani yana karo da wani. A ciki za ka ga yadda aka kai ga shawarar cewa Amurkawa su nisanci tashar da mil 50, kilomita 80 ke nan, alhali Japan ta kwashe mutanenta ne daga kilomita 20. Shugaban hukumar na lokacin, Gregory Jaczko, ya faɗa wa majalisa ranar 16 ga Maris cewa ruwan tafkin ajiye tsohon makamashi na tukunya ta huɗu ya ƙafe, daga baya ta tabbata akwai ruwa. Kuskuren yana nan a rubuce, ba a goge ba. A ɓangaren Japan kuwa, a Janairun 2012 aka gano cewa kwamitin gaggawa na gwamnati bai ma rubuta bayanan zamansa ba. Tukunyar Monticello, wadda ta fara aiki a 1971, ƙirar General Electric ce mai irin ginin kariya na Mark I da ke yawancin tukwanen Fukushima, don haka ba karatun nishaɗi nake yi ba. Umarnin da aka ba irin waɗannan tashoshi bayan 2011 na ƙara injinan ko-ta-kwana da gyara hanyar fitar da matsi, da amsar da kowace tasha ta bayar, duk suna cikin fayil.

In aka auna da abin da aka yi a wasu wurare, maki na ƙaruwa. Gobarar tukunyar nukiliya ta Windscale a Ingila ta faru a Oktoban 1957, cikakken rahoton bincikenta bai fito ba sai 1988. Fashewar da ta auku a wata masana'antar nukiliya a yankin Kyshtym a wannan shekarar, Tarayyar Sobiyet ba ta amsa ta ba sai 1989. Chernobyl ta fashe 26 ga Afrilun 1986, duniya ta ji ne bayan kwana biyu da na'urorin tashar Forsmark a Suwidin suka fara ƙara. Faransa kuwa ta yi wani abu da nake ganin Amurka za ta iya koya: ban da buga wasiƙun da sufetoci ke aika wa tashoshi, dokarta ta 2006 ta tanadi kwamitin yaɗa bayanai na mutanen yanki a kusa da kowace tasha, waɗanda aikinsu shi ne su karanta su faɗa wa jama'a. A Amurka akwai taron shekara-shekara da hukumar ke yi da mutanen kusa da tasha, amma tsakanin taro da taro karatun ya rage naka.

To wa zan ce ya shiga? In kana zaune kusa da tasha, ko kana shan kogin da take bakinsa, jerin safiya da rahoton abubuwan da suka faru sun ishe ka, minti biyar ne, ko a waya. In kai ɗalibin injiniya ne, ko ɗan jarida, ko ma'aikacin gwamnatin wata ƙasa da ke tunanin gina tasha, ADAMS makaranta ce da ba a biyan kuɗinta, ka fara da fayil ɗin Davis-Besse da rahotannin da tashoshi ke rubutawa cikin kwana 60 bayan kowace matsala, inda suke bayyana musabbabi da gyaran da suka yi. Ka nemi kwamfuta mai faɗin fuska, ka buɗe shafin hukumar na fassarar gajerun kalmomi a gefe, don Turancin ciki ko Bature sai ya yi da gaske. In kuwa kana neman wanda zai ce maka a sha ko kada a sha cikin jimla ɗaya, rumbun ba ya magana haka. A ma'aunina, huɗu cikin biyar ga yawan abin da aka buɗe, biyar ga ma'aikatan laburare, biyu ga sauƙin fahimta ga wanda ba ɗan hannu ba.

Robobin ruwan sun ƙare a farkon watan Afrilu, ba a sayo wasu ba. A jikin firij ɗinmu, tsakanin jadawalin aikina da takardar makarantar yara, akwai wata 'yar takarda da uwargida ta rubuta 05000263 da hannunta. Ranar Litinin in na manta ban duba ba, ita ke tambaya: "Malam, yau nawa suka saka?"